Tarkon Shiga-Ba-Fita da Ƙwaron Teku

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen unguwanninmu na Nima da Mamobi ba za su bar ni ba. Har yau in na biyo ta bakin babban gwata, magudanar ruwan unguwa, sai wani tsoho marar haƙori ya ɗaga murya ya ce, "Shiga-ba-fita, ina rigar mutumin naka?" Ni kuma in ce masa tana nan a rataye, in zai je biki ya zo ya ara. To, tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har da waɗanda a lokacin ba a ma ɗaura auren iyayensu ba, bari ku ji shi daga bakin mai shi.

Saƙar waya ce sana'ata. Kejin kaji, ragar gasa nama, kwandon kwanuka, duk ina yi, amma abin da ya fito da sunana shi ne tarkon ɓera. Boko kam ban yi ba (an kai ni, na ga malamin riƙe da bulala irin wadda na baro a makarantar allo, na ce ashe duk kanwar ja ce, na dawo gida). Amma ku je ku tambayi ɓerayen Nima, waɗanda wasunsu sun fi kyanwa ƙiba, za su ba ku labarina. Bakin tarkona kamar mazurari yake, wayoyin suna kallon ciki. Shiga da sauƙi, fita sai dai a lahira. A saman rumfata kuwa akwai allo, wani mai fenti ya zana min ɓera yana hawaye a bayan waya, ya rubuta da jan fenti: SHIGA BA FITA. Rubutun da na iya karantawa ke nan a duniya ba tare da an taya ni ba. Daga allon nan sunan ya bi ni, har matata in ta yi fushi da shi take kirana.

A shekarun nan ne bayan yunwar da aka sha, lokacin da soja ke mulki, sai ga Ramatu ta zo rumfata. Ramatu taubashiyata ce, 'yar ƙanen mahaifiyata, kun kuwa san tsakanin taubasai ba a jin kunyar baki. Tun tana ƙarama muke gardamar wane ne bawan wani. Ita ce ta yi karatu har jami'a, abin da ya sa mutanen Zongo, wato unguwannin namu na Hausawa, suka yi ta surutu, kuma da aka tambaye ta me take karanta ta ce dabbobin teku, sai surutun ya koma dariya.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Bawana, ajiye ɓerayen nan, na kawo maka aikin manya. Tarkon lobsta nake so."

Na ce, "Uwar ɗakin ƙarya, mene ne kuma lobsta? Sabuwar mota ce?"

Kada ku yi min dariya. A nan Ankara aka haife ni (Akra ɗin da kuka sani, mu haka muka gaji kiranta), teku kuwa in ka hau rufin bene kana iya hango shi, amma mu 'yan Zongo ruwanmu na alwala ne. Teku na mutanen ƙabilar Ga ne, mu namu goro da shanu da surutu. Sai ta yi min bayani. Wai jatan lande ne da ya ci ya ƙoshi har ya kai tsawon damtse, jikinsa duk ƙaya, da ƙahoni biyu dogaye kamar eriyar rediyo. Otal-otal suna rububinsa, masunta kuwa da raga suke kama shi, yana yayyaga musu ita. Ita tana son ta gano ko tarko zai yi, don haka ta gina babban kwatami na siminti a bakin teku can wajen Corko, ana jawo masa ruwan gishiri, da gilashi a gefe, ta zuba su a ciki tana kallon yadda suke yi da tarko.

Na ce, "Yanzu duk karatun nan da kika yi, leƙen ƙwari kika ƙare da shi?"

Ta ce, "Leƙen ya nuna min abin da ba ka sani ba. Duk tarkon da na sa musu, shiga suke su ci abinci su fito abinsu. Gidan tuwo suka mai da shi."

Ta miƙo min takarda da zanen irin wanda take so a gwada. Ko kallonta ban yi ba. Ni za a nuna wa tarko a takarda? Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai dai an yi rashin sa'a, teburin Ɗanlami mai shayi yana manne da rumfata, kuma benci ya cika da 'yan zaman safe. Ɗanlami abokina ne tun muna wasan ƙwallon tsumma, kuma Allah bai halicci mai zuga irinsa ba. Ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi ya ce, "Cale, abokina, ka ji fa. Yarinya ta ce akwai abin da zai shiga tarkonka ya fita."

Sai na miƙe tsaye. (In na miƙe tsaye zan yi magana, matata takan ce gara a kira 'yan kwana-kwana.) Na nuna allona na ce, "Jama'a ku shaida. Zan saƙa tarko irin nawa, a sa shi a kwatamin nan ya kwana. In gari ya waye aka ɗago babu lobsta a ciki, ni da hannuna zan sauke allon nan, in ɗora shi a ka, in taka da shi tun daga nan Mamobi har kasuwar Nima, rana tsaka."

Benci ya ɗauki sowa. Ramatu ta yi murmushi ta ce, "Bawana, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Na ce mata nawa ba kwando ba ne, kurkuku ne. Aka sa ranar Talata, don ran nan masunta ba sa shiga teku, kowa zai samu zuwa kallo.

Na saƙa tarko, wallahi ko yau na tuna shi sai na ji daɗi. Ran Litinin da hantsi na saɓa shi na hau turoturo, motar hayarmu, na nufi Corko, wai in gwada shi kafin ranar taro. Wanda ke kula da kwatamin wani tsohon masunci ne mutumin Ga, ana ce masa Ata Kwei, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya juya tarkon ya juya, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Massa, maigida, aiki ya yi kyau. Amma wannan mutane na ruwa, wayo da yawa." Ya ɗaura kan kifi a ciki ya zura shi ƙasa. Ni da Ramatu muka zauna a gaban gilashi kamar masu kallon silima.

Abin da na gani, ban so in gani ba.

Na farko ya zo ya shafa tarkon da ƙahoninsa, sama da ƙasa, kamar mai sayen rago yana taɓa gadon baya. Ko ƙofa bai nema ba. Ya zura 'yan ƙafafunsa ta ramin waya ya yagi kifi daga waje ya tafi. Na ce wannan ɓarawo ne, ba da shi na yi alkawari ba. Na biyu wani ƙato ne, na sa masa suna Sarkin Pawa don ƙirarsu ɗaya da namu na Nima. Shi ya shiga. Na daki cinya na ce, "Ya mutu!" Ya ci, ya ci, duk wanda ya leƙo ƙofa ya kore shi da ƙaho. Da ya ƙoshi sai ya juya a hankali, ya lalubi bakin mazurarin, ya kwantar da ƙahoninsa, ya sulale waje. Wayoyin nan masu tsini da ke sa ɓera kuka, shi susa suka yi masa, don jikinsa sulke ne. Bai tafi da nisa ba ma sai ya dawo ya ƙara loma, ya sake fita, wai ko ban gani da kyau ba a karon farko.

Ramatu rubutunta kawai take yi. Rubutun nan ya fi zagi ciwo.

A can kusurwa kuwa akwai wani guda, babba ne shi ma, ya lafe jikin dutse, launinsa ya dushe, ko motsi ba ya yi. Na ce, "Wancan fa, waliyyi ne? Ba ya cin haram?"

Ta ce, "Kwana biyun nan ba ya cin komai. Ka ƙyale shi, ai in ka ga sun yi haka to sun kusa..."

Na katse ta na ce, "Ni ban zo lacca ba." Ku riƙe wannan wurin. In da na bar yarinyar nan ta ƙarasa maganarta, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Bayan la'asar Ramatu ta sa sabon kan kifi, ta mayar da tarkon ruwa ta ce sai gobe, ta tafi. Ata Kwei ya koma bakin kwalekwalensa yana ɗinkin raga. Ni na ce zan ɗan tsaya in yi wa tarkona addu'a. Addu'ar da na yi ita ce, na zaro siririyar wayar jan ƙarfe daga aljihu.

Ku tsaya, kada ku yanke min hukunci tukuna. Ni a ganina gyara na yi. Alkawari ya ce a tarar da lobsta a ciki, bai faɗi yadda zai kwana ba. Na naɗe wando na shiga ruwan nan ina karanto duk abin da na haddace. Na fara kai hannu wajen Sarkin Pawa, ya kaɗa wutsiya ya watsa min ruwa a ido, ƙayarsa ta tsaga min yatsa. Na ce to, zauna da sarautarka. Na juya wajen Waliyyi. Bawan Allah ko gardama bai yi ba, na ɗauke shi kamar jariri. Na buɗe ƙofar baya ta tarkon na sa shi, na naɗa waya a gindin ƙahoninsa biyu, na ɗaure a ƙasan tarko inda ido ba zai kai ba. Kuma da yake hannu ba ya mance abin da ya saba, sai na ƙarasa da ƙullina, murɗi da lanƙwasa kamar wutsiyar kunama, wanda duk gidan da ke da tarkona a Nima an san shi. Na koma gida na ci tuwo na ƙara.

Talata da safe turoturo guda muka cika. Ɗanlami ya rufe teburinsa, abin da ko ranar Salla ba ya yi. Ga 'yan benci, ga mata biyu masu sayar da koko da ƙosai da suka ce ba za a ba su labari ba. Ni kuwa na saka babbar rigata ta Salla, shuɗiya mai aiki, da hula, har da turare. Muka tarar da masunta sun kewaye kwatamin, ga matansu masu ƙyafe kifi. Na lura an rufe gilashin da buhu, kuma Ramatu ta riga kowa zuwa, tana zaune tana ta kallon sama kamar mai neman wata. Na ɗauka tsoron kunya ne ya kama ta.

Ata Kwei ya ja igiya. Tarko ya fito yana zubar da ruwa. Ga lobsta zaune a ciki, ƙahoni a miƙe, ido a buɗe.

'Yan Nima suka ɓarke da ihu. Ɗanlami ya cire hularsa yana yi min fifita. Ramatu ta ce cikin ladabin da ban taɓa jin ta yi min ba, "Yaya, ka ci. Ko za ka ɗan yi wa jama'a jawabi?"

Yaya! Ita da ba ta taɓa kirana da komai ba sai bawa. Mai hankali da a nan zai ji ƙamshin tarko. Ni da nake saƙa su ban ji ba. Na hau kan wani kifaffen kwalekwale na gyara riga. Na ce ilimi ba a takarda yake ba, a yatsu yake. Na ce jami'a ta zo rumfata ta ɗauki darasi, ba zan karɓi ko sisi ba. Na juya wajen masunta na ce kakanninsu sun yi shekaru aru-aru a bakin teku suna yaga raga, sai da ɗan Zongo ya zo ya nuna musu hanya. (Wannan maganar ita ce har yau in na tuna nake jan hula in rufe ido.) Wani ya fassara musu da Ga, suka zuba min ido.

Ramatu ta ce, "To Yaya, fito da shi ka ɗaga kowa ya gani."

Dama haka nake so, don in samu in warware wayar da yatsa kafin wani ya lura. Na sa hannu na kama bayansa, na shirya jin nauyi. Sai na ji kamar na ɗauki kwalin ashana. Hannuna ya yi sama da ƙarfin da na tanada, wayar ba ta warware ba, tarkon gaba ɗaya ya biyo yana reto a ƙahonin. Rana ta haska ta cikin lobstan nan ta fito ta ɗaya gefen. Bayansa a tsage. Ciki ba kowa. Ƙafafu, ƙahoni, har kwarmin idanu, komai yana nan, mai gidan ne kawai ba ya nan.

Ban san dabba tana tuɓe riga ba, ban da maciji. Na rantse ban sani ba. Sai bakina, wanda ba ya jiran izinina, ya ce, "Allahu akbar. Tsoron tarkona ne ya busar da shi."

Ata Kwei ne ya fara. Dariya ta kayar da tsohon nan a kan yashi, yana dukan ƙasa yana cewa, "Ya cire kaya! Massa, mutumin ya cire kaya ya tafi!" Ramatu ta taka a hankali ta yaye buhun da ke kan gilashi. Ga Waliyyi can jikin dutsensa, sabo fil, launinsa yana ƙyalli kamar ango, har ya fi jiya girma, yana kaɗa min ƙaho.

Ta ce, "Abin da na so in faɗa maka ke nan jiya, bawana. In sun daina ci suka lafe, saɓa za su yi. Duk kwatamin nan ka rasa wanda za ka ɗaure sai wanda ya riga ya kwance maɓalli."

Na ce, "Wa ya ce ɗaure shi aka yi? Wataƙila saƙalewa ya yi."

Sai Ɗanlami, abokina, wanda na sha ba shi kejin kaji kyauta, ya matso ya kama wayar ya ɗaga ta sama yana juyawa. Ya ce, "Jama'a, ko dai lobstan nan ya yi koyon sana'a a Mamobi? Ga wutsiyar kunama nan, irin ta tarkon da ke ƙarƙashin gadona."

Ina tsaye a kan kwalekwale, cikin rigar Salla, tarko yana reto a hannuna, ɓawo a sama, mutanen Zongo suna dariya da Hausa, masunta suna yi da Ga, matan koko suna yi da duka biyun. Na nemi ƙasa ta tsage, na tuna yashi ne, ko ya tsage cikowa zai yi. Duk da haka ban yi shiru ba. Na ce a tsaya a yi adalci: an ce a tarar da lobsta a ciki, ga shi an tarar da kansa da ƙafafunsa da rigarsa, abin da ya fita ai tsoka ce kawai. Na nemi a kai maganar gaban malamai. Wata tsohuwa mai ƙyafe kifi ta ce wani abu da Ga, aka sake fashewa. Na matsa sai an fassara min. Wai ta ce in haka ne in kai wa matata ɓawon ta yi min miya da shi.

Alkawari kaya ne, na kuwa ɗauka. Washegari rana tsaka na sauke allona na ɗora a ka. Ɗanlami yana gaba yana buga gwangwanin madara, ya rataya min ɓawon a wuya. Amma ku ji inda suka yi kuskure. Sun zaci zan sunkuyar da kai. Ni kuwa na juya rubutun yana kallon gaba, na taka a hankali kamar sabon ango, duk inda mutane suka taru in tsaya in ce, "Na ɓera dai har yanzu ba fita! Mai ɓera a ɗaki ya biyo ni!" Kafin mu kai kasuwar Nima rabin masu dariyar sun tuna da abin da ke cinye musu gari. A makon nan sai da yatsuna suka yi kanta.

Kuma alkawarin ya ce in sauke allo in ɗauka, bai ce kada in mayar ba. Na kira mai fenti na ce ya ƙara min layi guda a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ya rubuta: BAN DA NA RUWA. Na mayar da allon wurinsa, na rataya ɓawon a gefensa da wayar da ƙullina, don kada wani ya ce ina ɓoyewa. Ramatu ta zo ta tsaya tana karantawa, ta ce wannan ne rubutun gaskiya na farko da aka taɓa yi a rumfata. Daga baya na saƙa mata wanda ta zana a takarda. Shi ma sun shiga sun fita, illa dai ba da sauri kamar nawa ba, kuma ban gaji da tuna mata hakan ba duk ranar suna ko biki.

Har gobe ina nan a kan bakana: tarkon nan ba shi da laifi. An yi shi ne don halittar da ke da kunya, wadda ba za ta fita tsirara a bar tufafinta a hannun mutane ba. Abin da na yarda na koya guda ne, shi ma ba da son raina ba. In za ka ɗaure wani, ka fara tabbatarwa ba rigarsa kaɗai ka kama ba. In kuma taubashiyarka ta wayi gari ta kira ka Yaya, sauko daga kan kwalekwalen.